Wata Tara Mai Barci Ya Yi a Cikina

Kun taso kuna jin labarin nan a bakin kowa, har ku ma kuna ba 'ya'yanku: wai yayanku shekara huɗu ya yi kwance a cikina, sai da aka yi ta fama sannan ya farka, shi ya sa ake ce masa Mai Barci. Ni kaina da sunan nake kiransa, tunda ɗan fari ne, bakina ba ya kama sunansa na yanka. To ga shi na tsufa, ido ya yi rauni, ciwon suga ya sa ni a gaba, na ga gara in gyara maganar da kaina kafin a kai ni da ita. Yayanku wata tara ya yi a cikina kamar kowane ɗan Adam. Abin da ya kwanta a jikina shekarun nan ciwo ne, na kuma san da haka tun kafin a samu cikinsa, amma na ja bakina na yi shiru. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya bugo mini waya, kun dai san ba na son a katse ni.

An kawo ni Birnin Kudu daga Dingaya shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, lokacin duk muna ƙarƙashin Kano, ba wanda ya san da wata Jigawa. Tun ina budurwa ni mai jiki ce, kuma al'adata ba ta da lissafi: wani watan ta zo, wani ta tsallake biyu ko uku. A ƙauye ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai, saboda daga asuba zuwa la'asar ina tsakanin turmi da rijiya, jikin nan kuwa a ɗaure yake tamau. Gidan da aka kawo ni mu uku ne kacal: ni, da babanku, da mahaifiyarsa Inna Yalwa. Inna ta haifi tara, ta binne takwas, babanku kaɗai Allah ya bar mata. Ku riƙe wannan a ranku, domin duk abin da za ku ji ta yi, daga nan ya taso. Ranar da na tare ta dube ni sama da ƙasa, ta kama damtsena ta matsa, ta yi dariya har da tafi.

"Alhamdu lillahi, an kawo mini mace," in ji ta. "Wannan ƙugun ai goma zai ɗauka bai gaji ba. Ta Dingaya, ki saki jikinki, nan gidan ubanki ne."

Daga ranar sunana ya zama Ta Dingaya, Kulu kuwa sai a bakin babanku. Ban taɓa ganin abin da mata ke faɗa game da uwar miji ba a hannun Inna. Shekarun ma na daɗi ne. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, babanku da yake tuƙa motar wani ya samu ya yi bas tasa ta kansa, yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano. Duk yamma in na ji ƙahon motarsa sau biyu daga bakin titi, na san akwai tsaraba: burodi mai zafi, madarar gwangwani, sukari mai ƙwaya a kwali, lemon kwalba da ake saka mana a randa ya yi sanyi. Ni da na tashi ban san zaƙin da ya wuce rake da zuma ba, sai ga ni ina jefa ƙwaya shida a kofin shayi ɗaya. Aka kuma kafa injin niƙa a unguwarmu, turmi ya koma na dakan yaji kawai. Har yanzu in na rufe ido ina ganin tsakar gidan: inuwar darbejiya, rediyon babanku a kan taga, Inna a kan tabarma tana kaɗi, maƙwabciyarmu Ladidi matar tela tana yi mini kitso tana ba mu labarin gari, muna dariya har hawaye.

A shekara ta biyu jini ya ɗauke mini ɗif. Wata uku, wata huɗu, azumi ya zo na yi shi talatin cif ban sha ko ɗaya ba. Inna tana lissafe da ni ashe. Ranar salla ta kira ni ɗakinta, ta ɗora hannu a cikina, wanda dama ya fara turowa, ta fashe da kuka. Ni ma na yarda, me zai hana? Ga kasala, ga yawan ci, ga jiki yana buɗewa. A wata na bakwai sai ga jini ya ɓalle, ya yi kwana goma sha ya tsaya. Aka kira ungozoma, wata tsohuwa mai sanyin hannu, ta taɓa nan ta taɓa can, ta tambaye ni ko na ɗauki abu mai nauyi. Na ce shekaranjiya na sauke tulu daga kan mai kawo mana ruwa.

"Shi ke nan," in ji ungozoma. "Ciki ya ji wuya, ya kwanta. Yana nan lafiyarsa ƙalau, barci yake. Wani shekara biyu yake yi, wani har biyar. A lallaɓa shi, a ciyar da uwar, kada ta ɗaga ko tsinke. Ranar da Allah ya nufa zai motsa."

Ku 'yan yanzu za ku yi dariya, amma a lokacin kwantaccen ciki ba abin musu ba ne. Kowace unguwa akwai wanda ake nunawa a ce wancan shekara kaza ya yi a ciki. Daga ranar Inna ta karɓe tsintsiya, ta karɓe muciya, ta karɓe guga. Aikina ya zama zama da ci. Da safe kunun gyaɗa da madara da sukari, da hantsi fura da nono da zuma, da rana shinkafa tana ninƙaya a man shanu, da la'asar lemon kwalba da burodi. In na ce na ƙoshi sai ta tsuke fuska.

"Wa ya ce don ke nake yi? Ci, jikana nake ba. Yaron da ke barci in ba a kai masa abinci har baki ba, da me zai samu ƙarfin tashi?"

Ta kan zauna kusa da ni ta sunkuyo tana magana da cikin. "Kai malalaci, gari ya waye. Ubanka ya kai Kano ya dawo kana nan kwance." Auduga kuma da take kaɗawa, ta tara zaren ta kai wa masaƙi ya saƙa mata zanen goyo fari mai baƙin layi, ta naɗe shi ta sa a ƙasan adakarta da turaren wuta. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin gatan nan. Mata suna shigowa suna cewa, "Kai, Ta Dingaya, miji ya iya kiwo," ni kuwa ina fari da ido. Ƙiba a wancan zamani shaidar hutu ce da arzikin miji, ramammiyar mace ita ake yi wa jaje.

Amma jikina yana gaya mini wata magana dabam. Ina gama cin abinci barci zai danne ni kamar an buga mini taɓarya, in na farka kuma hannuna na rawa don yunwa, sai na jefa sukari a baki nake dawowa daidai. Wuyana ya yi baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri, haka hammata da ƙasan nono. Na ɗauka dauɗa ce. Na dirje da soso da sabulun salo, na koma dutsen goge kaushi, har na fitar da jini, baƙin nan ko gezau. Sai gashi ya fara tsiro mini a haɓa, baƙi mai tauri irin na maza. Wannan ya fi komai ci mini rai. Ina rufe ƙofa in ɗauki matsefata da ɗan madubi ina tsigewa ina kuka, in fito da mayafi naɗe har baki ko da ana zafin bazara. Inna ta gani ta ce alamar namiji ne a ciki. Komai na jikina ya lalace, ita sai ta mayar da shi albishir.

A haka cikin ya shiga shekara ta uku, shekarar da nake son ba ku labarinta. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a babban asibitin garin, kowa Sista yake ce mata, mutuniyar wajen Jos, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Takan shiga motar babanku in za ta Kano, yana ajiye mata gidan gaba. Wata rana ta tambaye shi iyali, shi kuwa da alfaharinsa ya ce matarsa na da ciki shekara biyu da wani abu. Da ta ji haka ta ce don Allah ya kawo ni ta gan ni. Muka ce wa Inna za mu barkar haihuwa. Sista ta kwantar da ni, ta latsa cikin ko'ina, ta kafa wani ɗan ƙaho a kan cikin ta kasa kunne, ta sa aka auna fitsarina. Ta dubi wuyana, ta ce in sauke mayafi. Na ƙi. Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na sauke. Ta kira likita, wani ɗan Indiya mai furfura, ya duba ni shi ma, suka yi Turancinsu, sannan ta jawo kujera ta zauna dab da ni.

"Kulu, zan gaya miki magana, ki yi haƙuri da ni. Babu ɗa a cikin nan. Ba a taɓa yin sa ba."

Na ce mata ƙarya take. Na ce mata ita da ba ta san al'adarmu ba me ta sani, na faɗi maganganun da har yau ina jin kunyarsu. Ta bar ni na gama.

"Likita ya ce ya sha ganin mata irinki," in ji ta. "Ƙwan haihuwarki ne ba ya nuna ya fito, shi ya sa jini ke ɗaukewa. Gashin nan da ƙibar nan duk tafiyarsu ɗaya. Ya ce da yawa in suka rage jiki, al'ada takan dawo, wasu har su haihu. Ban yi miki alkawari ba, haihuwa ta Allah ce. Amma in kika ci gaba da zama kina shan zaƙin nan, ɗan ba zai zo ba, ciwon suga ne zai zo. Ke ba 'yar ƙauye ba ce? Me kike ci a gidanku? Koma masa. Wane aiki kike yi? Koma masa."

Babanku bai kai mu gida ba. Ya tsayar da mota a gindin wata tsamiya a bayan gari, wajen duwatsu, ya kifa kai a sitiyari. Ni kuwa haushin kowa nake ji: ungozoma, Sista, shi da tsarabarsa, har da kaina da na zauna shekara biyu ina renon kitse. Na ce mu je mu gaya wa Inna yanzun nan.

"Kulu, ki rufa mini asiri," in ji shi. "Tsohuwar nan ta binne takwas. In muka ce mata babu, wallahi na tara za ta ɗauka ta binne. Ba zan iya kallon idonta ba."

"To in zauna ta ci gaba da ɗura mini har in fashe?"

Nan na yanke shawarar da na rayu da ita har yau. Na ce ya kai ni Dingaya wajen Iya, mahaifiyata, mu ce wa Inna an ba mu labarin wani malami a can mai tada kwantaccen ciki, sai an zauna kusa da shi. Babu wani malami. Ni na ƙirƙiro shi a gindin tsamiyar nan, kuma Inna da kanta ta haɗa mini kaya tana sa mini albarka.

Ruwan farko ya sauka aka kai ni. Iya mace ce siririya mai kaifin harshe, ba ta san lallashi ba. Na gaya mata gaskiya duka, ta saurara tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba.

"Dama ni ban ga ciki ba, tumbi na gani," in ji ta. "Na yi shiru ne don kada a ce uwar matar ta cika baki. Ga taɓarya can."

Ranar farko ko surfen kwano ɗaya ban gama ba na zube a ƙasa ina haki, tafin hannuna duk ya yi ƙuraje. Yaran gida suna leƙe suna dariya. Sati biyun farko na sha wuyar da ban taɓa sha ba, don jikina kukan sukari yake, kaina kamar zai tsage, ina masifa da duk wanda ya gifta. Iya ta kwashe kwalin sukari da gwangwanayen madarar da Inna ta cuso mini a kaya ta rabar wa maƙwabta a kan idona. Abinci shi ne wanda na sani tun ina yarinya: tuwon dawa malmala ɗaya da miyar kuka, kwaɗon rama, tafasa, dafaffen wake, gyaɗa, nono ba zaƙi. Rijiya sau huɗu a rana, kai abinci gona da ƙafa, in an tashi zuwa kasuwa ko biki a Basirka wajen dangin Iya mu taka. A hankali barcin ranar nan ya sake ni, rawar hannu ta tafi. Na tuna ina da murya, na koma waƙar daka da 'yan matan gidanmu, ina cilla taɓarya sama in tafa in cafe. Ƙamshin ƙasa bayan ruwa, gero ya fitar da kai, Iya tana zagin awaki, duk sai na ji kamar ban taɓa barin gida ba. Gari kuwa ya ɗauka: wasu su ce yaji na yi, wasu su ce an sako ni, ga shi har na fara ramewa don baƙin ciki. Babanku yakan zo duk sati biyu, ya sha habaici ya koma.

A wata na huɗu na ga jini, ya yi kwana biyar ya ɗauke. Wata mai zuwa ya sake dawowa a kan lokacinsa. Ban taɓa zaton mace za ta yi murna da fashin salla kamar yadda na yi ba.

Ana cikin kaka, wata rana da hantsi ina tsakar gida ina sussukar gero, zani ɗaure a ƙirji, gumi har ƙafa, sai na ji sallama. Inna ce. Ta hau motar kasuwa zuwa Gwaram, ta ƙaraso da ƙafa, da ƙaton kwano a ka cike da sukari da madara da man shanu. Ta tsaya a bakin zaure tana kallona, ta dubi taɓaryar, ta dubi cikina da ya faɗa. Kwanon ya sulɓe daga kanta, gwangwanaye suka gangara ko'ina.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta Dingaya, me na yi miki? Kun kashe mini shi?"

Ga gaskiya a bakina, ta zo har kan harshe. Da na faɗa a ranar, da ba na wannan rubutun. Amma na ga ƙurar hanya a ƙafarta, tsohuwa mai ciwon gwiwa, sai na kasa. Iya ta dube ni ta ga ba zan yi magana ba, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Haba Yalwa, zauna ki sha ruwa. Malamin ne ya ce hutu da zaƙi su ke ƙara masa nauyin barci. Ya ce daka ke tashe shi. Cikin kuwa ya koma baya ne, yana nan."

Inna ta daɗe tana kallon Iya, sannan ta kalle ni. Na sunkuyar da kai. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwan ba. Ta kwance mayafinta ta ɗaure ƙugu, ta ɗauki ɗaya taɓaryar da ke jingine da rumbu, ta zo ta tsaya a ɗaya gefen turmin.

"In daka ke tashe shi, to mu tashe shi tare," in ji ta. "Saka, 'yar nan."

Muka yi ta lugude, ni in saka ita ta saka, tana haki tana kiran, "Tashi, malalaci, tashi." Ina daka hawaye na zuba a cikin geron, ita ta ɗauka na tausayin ɗan ne. Ban taɓa son wani mahaluki kamar yadda na so ta a wannan hantsin ba, ban kuma taɓa jin na ci amanar wani kamar ranar ba.

Bayan an gama kai amfani gida na koma Birnin Kudu. Inna da kanta ta hana kai niƙa inji, ta hana babanku shigo da lemon kwalba, ta ce malam ya hana. Abu ɗaya ya rage mini: ɓoye al'ada, don in ta ga jini hankalinta zai tashi. Sai in yi alwala a kan idonta, in shiga ɗaki in shimfiɗa tabarma in zauna a bakin gado har lokacin salla ya wuce. Allah ya yafe mini wannan. Wata biyar ina haka, sai jinin ya ɗauke, wannan karon da amai da jiri. Na lallaɓa wajen Sista, ta auna, ta rungume ni. Ranar da ya fara motsi na kama hannun Inna na ɗora, ya harba mata ƙafa. Ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo a guje. Da aka haife shi ita ta fara goya shi da farin zanen nan, ta lissafa da yatsunta ta ce shekara huɗu, ta raɗa masa Mai Barci. Yana da shekara biyu ta rasu, yana kwance a gefenta.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce ƙaryar ta yi rana. Amma ƙarya ba ta zama inda ka ajiye ta. Na zama abin misali a gari. Ladidi mai yi mini kitso, ita ma mai jiki ce, ita ma wuyanta baƙi, jini ya ɗauke mata, aka ce ciki ya kwanta. Na ce mata ta rage zaƙi, ta yi daka, ta je wajen Sista.

"Asibiti kuma? Su da ba su yarda da kwantaccen ciki ba?" in ji ta. "Ke da naki ya tashi ai ba asibiti kika je ba. Ga Mai Barci nan yana yawo, shi ne shaidata."

Lokacin Inna na da rai, sai na yi shiru. Bayan ta rasu kuma kunya ta hana ni, don maganar ta yi nisa, babanku ma ya ce a bar kaza cikin gashinta. Ladidi ta shekara bakwai tana jiran motsi. Ba ta haihu ba, ciwon suga ya kama ta, ya ci idonta, ya tafi da ita tana da sauran ƙuruciya. Ban ce da na faɗa da ta haihu ba, wannan sanin Allah ne. Amma da ta je an duba ta da wuri, kuma ni na tare mata hanya.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Watan jiya Safiya, 'yar Mai Barci ta fari, ta zo mini kwana biyu. Shekararta biyu da aure. Na shiga banɗaki na tarar da dutsen goge kaushi jiƙe, na fito na ga wuyanta ya yi ja saboda dirza, mayafi naɗe har haɓa. Na tambaye ta rabonta da al'ada, ta ce wata shida. Ta ce an yi awo ba a ga komai ba, amma surukarta ta ce kada ta damu.

"Ta ce gadonmu ne, Hajiya. Wai ke ma na Baba shekara huɗu ya kwanta, kuma na'ura ba ta ganin mai barci."

Washegari na sa ta a gaba muka tafi asibitin nan dai da aka gaya mini gaskiya ina yarinya. Wata likitar mata, sa'ar 'ya'yana, ta yi mata hoton ciki, ta nuna mana ƙananan ƙwai jere a ma'ajiyarsu, ba wanda ya nuna. Ta yi mana bayanin da ko likitan zamaninmu bai yi mini ba. Ta ce akwai wani sinadari da jiki ke yi, insulin, shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. A jikin mata irinmu ƙofar takan yi tauri, sai jiki ya yi ta ƙaro sinadarin don ta buɗu. Yawan nasa shi ke tara kitse, shi ke baƙanta wuya, shi ke zuga sinadarin maza har gashi ya fito, ƙwai kuma ya kasa nuna. Ƙiba na ƙara wa ƙofar tauri, taurin na ƙara ƙiba. Ta ce yana bin jini, ba laifin yarinyar ba ne, har siraran mata ma suna samunsa. Ta ce motsa jiki da gyaran abinci suna sassauta ƙofar, yanzu kuma akwai ƙwayoyin da ke taimakawa, wata takan dace da wuri, wata sai an daɗe ana nema. Ina zaune ina jin sunan abin da na ɗauka shekara hamsin, a bakin yarinyar da ba a haifa ba lokacin da nake lugude da Inna. A nan gaban likita na gaya wa Safiya komai, ita ce ta fara ji a cikinku.

Saboda haka ku kai wa surukarta wannan takarda ta karanta, ku kuma karanta wa 'ya'yanku mata. Duk wadda jini ya ɗauke mata, a kai ta a duba. Kada a sake kafa hujja da ni. Zanen goyon Inna yana nan a adakata, na ba Safiya, na ce ta ajiye ba tare da ta ƙirga wa kanta wata ba.

Kai kuma Mai Barci, na san maganar nan za ta yi maka nauyi, ka shekara arba'in da wani abu kana taƙama da ita a majalisa. Ka yi haƙuri, wata tara ka yi, ba ka fi kowa ba. Amma shekara huɗu kakarka ta yi tana yi maka magana, tana kaɗa maka zare, ta taka daga Gwaram da ciwon gwiwa ta yi daka don ka tashi. Wannan duk gaskiya ne, ni shaida ce. Ku gyara labarin, amma sunan ku bar masa, Inna ce ta raɗa.